Wa Ya Je Masar, Kai Ko Ɗan Rakiya?

Cikin 'yan watannin nan labaran tafiya Masar sun yi ta shigo mana daga 'yan'uwa marubuta waɗanda Allah Ya hore wa kuɗin shiga jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido, mai bin Kogin Nilu daga Luksor zuwa Aswan. Muna yi musu barka da dawowa. Amma za mu faɗi gaskiya ko da za a daina gaishe mu a wurin taro: in ka karanta ɗaya, ka karanta duka. Ɗan rakiya ne ya yi labaran nan da bakinsa, marubutanmu shifta kawai suka ɗauka.

Ga yadda abin yake. Jirgi ya tsaya, da sassafe a zuba ku cikin bas, ɗan rakiya na gaba da 'yar tutarsa. A Karnak ya ce ginshiƙai 134 ne a babban zaure, kowa ya rubuta. A Kwarin Sarakuna, inda kaburbura suka haura 60, tikitinka uku kawai zai shigar da kai, na Tutankamun kuwa sai ka sake biya. Ya ce Bature Howard Carter ne ya gano shi a 1922, kowa ya rubuta, ba wanda ya tambayi sunayen Misirawan da suka riƙe diga. Daga nan sai shagon masu sassaƙa dutse, inda ba a taɓa yi muku gaggawa, don a nan la'ada take. Washegari Edfu a keken doki, da yamma Kom Ombo a kalli busassun kadoji.

Ba mu zargin ɗan rakiya. Abincinsa yake nema, kuma da yawansu sun yi karatun abin sosai. Da marubuci muke.

A bayan dutsen da Kwarin Sarakuna yake, akwai wani kufai da ake kira Deir el-Medina, wanda bas ɗin jirgi ya kan wuce bai tsaya ba. Nan ne ƙauyen magina da masu zanen da suka haƙa kaburburan nan, kuma sun bar rubutu birjik a kan tsingaro da ɓallin dutse. Akwai rajistar zuwa aiki ta shekara ta 40 ta sarautar Ramsis na Biyu, tana gidan tarihin Ingila yanzu: wane bai zo ba kunama ta harbe shi, wane yana dafa giya, wane yana shirya gawar mahaifiyarsa. A shekara ta 29 ta sarautar Ramsis na Uku aka yi ta jinkirin biyan su hatsin da shi ne albashinsu, suka ajiye kayan aiki, suka je suka zauna a bakin ɗakunan bauta suna kukan yunwa. Magatakardansu Amennakht ya rubuta abin a takarda, tana nan a Turin ta ƙasar Italiya. Yajin aiki ke nan, shekara dubu uku da 'yan kai da suka wuce! Cikin masu aiko mana labari akwai malaman makaranta da suka san zafin wata uku ba albashi. A ce mutum irin wannan ya wuce ta kusa da ƙauyen nan, ya dawo yana lissafa mana nauyin zinari?

Na Aswan ya fi ba mu haushi. Tun kafin asuba ake kwasar mutane zuwa Abu Simbel, tafiyar kilomita wajen 280, a ba su labarin yadda aka yayyanka ɗakunan bautar Ramsis na Biyu tsakanin 1964 da 1968, aka ɗaga su mita 65 don kada ruwan babbar madatsar Aswan ya cinye su. Aikin ya isa a yaba. To, mutanen wurin fa? Ruwan nan ya tashi Nubiyawa kimanin dubu ɗari. Na ɓangaren Masar aka kai su busasshiyar ƙasa a wajen Kom Ombo, garin da marubucinmu ya je kallon kadoji. Na Wadi Halfa a Sudan aka kwashe su a jirgin ƙasa zuwa Khashm el-Girba, nesa da Nilu da dabinonsu. Duwatsu duniya ta haɗa musu kuɗi ta hannun UNESCO. Mutane kuwa, abin da marubucinmu ya gani nasu shi ne "ƙauyen Nubiyawa" mai fenti shuɗi, inda aka ba shi shayi, aka miƙa masa ɗan kada ya yi hoto. Mu da Kainji ta cinye mana tsohuwar Bussa a 1968, mu da muka san abin da ya sami manoman Bakolori a 1980, mu ne za mu wuce wannan ba ko layi ɗaya?

Za a ce lokaci ne babu, awa ɗaya ake bayarwa, jirgi ba ya jira. Mun yarda. Amma wa ya hana karatu kafin tafiya? Wa ya hana zama da matuƙin keken doki minti goma, alhali rabinmu mun yi makarantar allo da ta ilmi, muna iya haɗa Larabci ko yaya? Alhaji Abubakar Imam ma a hannun masu masauki ya zaga Ingila a 1943, duk da haka wanda ya karanta Tafiya Mabuɗin Ilmi muryar Imam yake ji.

Saboda haka mun mayar wa kowa da rubutunsa, tare da 'yar takarda mai tambayoyi: da wa ka yi magana ban da ɗan rakiya, me ya ce maka, kuma me ka gani ta tagar bas tsakanin kabari da shago? Wanda ya amsa ya sake aikowa kafin fitowa ta gaba, za mu ba shi shafi huɗu.