Faifan Fam 500 da Ya Kunyata Manyan Kamfanoni

'Yan'uwa ɗalibai, har yanzu akwai masu yatsine fuska in an ambaci kiɗan pank na Ingila, su ce hayaniya ce ta 'yan iskan gari. Mu ba mu yarda ba, kuma ga hujjarmu.

A shekarar 1976, ɗalibai biyu na kwalejin fasaha ta Bolton, Howard Devoto da Pete Shelley, suka kafa ƙungiyar Buzzcocks. Su ne suka gayyato Sex Pistols zuwa birnin Manchester a watan Yuni na wannan shekara. A lokacin, yawancin makaɗan da ke son faifai sai sun je Landan sun durƙusa wa manyan kamfanoni. Waɗannan samari suka ƙi zaman jira. Suka ranto kimanin fam 500 daga 'yan'uwa da abokai, suka ɗauki waƙoƙi 4 a watan Disamba, Martin Hannett yana kula da sauti. A watan Janairun 1977 faifan Spiral Scratch ya fito da tambarin ɗan kamfaninsu, New Hormones. Kwafi 1,000 suka fara bugawa. Daga baya aka sayar da kusan 16,000. A bayan jakar faifan har sun rubuta sau nawa aka maimaita kowace waƙa kafin ta ɗauku, wato sun tona asirin sana'ar ga duk mai sha'awa.

Masu suka na cewa ai Devoto ya fice bayan 'yan makonni, sauran kuma suka ƙulla yarjejeniya da United Artists a 1977 ɗin. Gaskiya ne. Amma kamfanin ya karɓe su ne bayan sun nuna suna da masu saye, kuma samarin da suka ga faifan a wasu garuruwa sun riga sun gane cewa su ma za su iya.

To, mu fa? Waƙoƙinmu da wasanninmu na kwaikwayo suna kwance cikin akwati shekara da shekaru, muna jiran wani babba ya sa hannu. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ba dole ne kiɗan Buzzcocks ya yi mana daɗi ba, amma wajibi ne mu yi koyi da himmarsu: mu yi karo-karo, mu buga abinmu, mu sayar da hannunmu. Wanda ya raina ƙaramin faifai, ya fito mana da nasa babban mu gani!