UWARGIDA DA ZAMANI: Kwamfuta Ta Ƙi Tashi, Ga Shi Babu Faifai

 

Abin da ya sa na ɗauko batunmu na wannan wata shi ne wata maƙwabciyata da ta shigo mini da hantsi, idonta ya yi ja, tana rungume da kwamfutar tafi-da-gidanka ta 'yarta. Yarinyar tana ajin ƙarshe a kwaleji, har ta kai babi na huɗu a rubutun kammala karatu, sai aka wayi gari kwamfuta ta ƙi tashi. Suka kai wa wani mai gyara a kasuwa, ya tambaye su faifan da aka sayo ta da shi, suka ce ai ta hannu ce, ko kwali ba ta zo da shi ba. Ya ce to sai fomatin, zai ɗora musu irin tasa. Kafin la'asar ya gama, kwamfuta ta tashi garau. Amma fa rubutun yarinya, da hotunan bikin yayarta, da lissafin adashin da uwar take riƙewa, duk sun tafi.

'Yar uwa, rashin faifan nan ba shi ne ya jawo musu asara ba, domin kuwa yawancin kwamfutocin yanzu ko gurbin sa faifai ba su da shi. Abin da ya cuce su shi ne gaggawa da rashin sanin abin da ya kamata a fara cetowa. Don haka ki gyara zama mu bi abin daki-daki.

Ita Windows, wato babbar manhajar da take tafiyar da kwamfuta, kamar kayan ɗaki ce, idan ta lalace ana iya fitar da ita a shigo da sabuwa. Kamfanin Microsoft da ya ƙirƙire ta yana ba da ita a shafinsa na intanet, kowa zai iya saukewa. Abin da ake biya wa kuɗi shi ne lasisi. A zamanin Windows 7, lambar lasisin tana jikin wata 'yar takarda da ake mannawa a ƙarƙashin kwamfutar. Daga fitowar Windows 8 a shekarar 2012, manyan kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo suka koma dasa lambar a cikin na'urar kanta, ta yadda ko an goge komai tana nan. Da Windows 10 ta fito a 2015, sai aka ƙara da cewa Microsoft yana riƙe da shaidar kwamfutar da aka taɓa tabbatar wa lasisi, da zarar ta hau intanet bayan gyara sai ya gane ta. Kin ga ke nan mai yiwuwa ne kina da lasisinki na halal ba ki sani ba.

To kafin a taɓa komai, abu na farko shi ne kwashe kayanki. Ki samo filash ko babban ma'ajiyi na waje ki juye takardu, hotuna, karatun malamai da duk abin da ranki zai ɓaci idan ya salwanta. Bayan kin juye, ki buɗe su a wata kwamfutar ki tabbatar sun shiga. Idan kuwa kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya, wannan ba ya nufin kayan sun mutu. Mai gyara na ƙwarai zai iya cire ma'ajiyinta ya haɗa da wata na'ura ya kwaso miki su. Sai dai wasu kwamfutocin suna kulle ma'ajiyinsu da wani tsari mai suna BitLocker, wanda mabuɗinsa lambobi 48 ne, kuma galibi ana samun su a cikin asusun Microsoft na wanda ya fara saita na'urar. Saboda haka tun yau, kwamfuta na lafiya, ki tambayi maigida ko yaron da ya saita ta wane imel ya yi amfani da shi, a nemo lambobin nan a rubuta a littafi a adana tare da takardun haihuwa.

Abu na biyu, ki gwada hanya mafi sauƙi wadda ba ta buƙatar faifai ko filash. A cikin Windows 10 da 11 akwai wani wuri mai suna Reset this PC, za ki same shi a sashen Recovery na cikin Settings. Idan kwamfutar tana tsayawa a ƙofar shiga, ki danne madannin Shift ki riƙe sannan ki zaɓi Restart, za ta kai ki wani shuɗin shafi, ki shiga Troubleshoot, a nan ma za ki gan shi. Zai ba ki zaɓi biyu. Keep my files yana barin takardunki da hotunanki amma ya cire manhajojin da aka ɗora daga baya. Remove everything kuwa share fage ne, ba ya barin komai. Ki karanta da kyau kafin ki danna, in da hali ki kira wani ya duba tare da ke. Kuma ko na farkon kika zaɓa, kada ki fasa kwashe kayanki tukuna, rigakafi ya fi magani.

Abu na uku, idan wannan bai yi ba, sai a haɗa filash da zai tsaya a madadin faifan. Ki ari kwamfuta mai lafiya, ki samo filash da bai gaza gigabait 8 ba, wanda babu komai a kansa, domin aikin zai goge duk abin da ya tarar. Ki shiga shafin Microsoft na ainihi ki sauke 'yar manhajar da ake kira Media Creation Tool, ita za ta sauko da Windows ta jera ta a kan filash ɗin. Aikin yana cin data sosai, don haka ki tanadi wadatacciya. Daga nan sai ki soka filash a kwamfutar da ta lalace ki kunna, kina danna F9 idan HP ce, ko F12 idan Dell ce ko yawancin Lenovo, sai ki zaɓi filash ɗin. Idan ta nemi lambar lasisi, akwai wurin da za ki ce ba ki da ita a wuce. Idan ta tambaye ki Home ko Pro, ki zaɓi irin wadda take kai a da, domin lasisin ɗaya ba ya buɗe ɗayar. Kada ki fara sai batir ya cika kuma tana jone da wuta, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na iya mayar da hannun agogo baya. Ki kuma ajiye wayarki kusa, domin Windows 11 za ta nemi intanet kafin ta kammala.

Akwai abin lura guda biyu. Microsoft ya dakatar da tallafin da ya saba ba Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ita kuma Windows 11 da ta fito a 2021 ba kowace tsohuwar kwamfuta take karɓa ba, tana buƙatar wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0 da injin da bai tsufa sosai ba. Idan taki ta gaza, kada ki jefar. Akwai Linux Mint, babbar manhaja ce ta kyauta da halal, tana tafiya a tsofaffin na'urori, kuma ta wadatar wajen rubutu, shiga intanet da karatun yara. Na biyu, Word da Excel ba sa dawowa tare da Windows, lasisinsu daban ne. Wadda ba ta da shi tana iya sauke LibreOffice kyauta, yana buɗe takardun da aka rubuta da Word.

Sai kuma batun da ya fi damuna a matsayina na uwa. Da yawa daga masu gyara, don neman sauƙi, sukan ɗora manhajar da aka fasa wa kulle, alhali na'urar tana da lasisinta. Ban da shubuhar da ke ciki ta cin haƙƙin wani, irin waɗannan manhajoji sukan zo da ƙwayoyin cutar da ke satar kalmomin sirri, har da na banki. Araha ba ta ado. Idan ta hannu kika saya kuma aka gama aiki lasisi bai tabbata ba, to mai yiwuwa dama can ba na gaskiya aka ɗora ba, sai a sayi na halal ko a koma Linux.

Sannan ki tuna abin da ke cikin na'urar nan: hotunanki na cikin gida babu mayafi, na 'yan matanki ranar ƙunshi da kamu, da takardun maigida. Duk amana ce a wuyanki. Kada ki aika yaro da kwamfuta kasuwa ya baro ta ta kwana. A tafi da babba ya zauna a yi aikin a gabansa, a kuma faɗa wa mai gyara tun farko cewa ba a yarda a goge komai ba sai an kwashe, kuma Windows ta ainihi ake so.

Ita 'yar maƙwabciyata, Allah Ya taimake ta babi biyu suna cikin imel ɗin da ta taɓa tura wa malaminta, sauran kuwa sai da ta sake zama ta rubuta. Yanzu duk ranar Juma'a sai ta juye aikinta a filash, uwar ce ma take tuna mata. Ke ma ki ware rana guda a mako ko a wata ki yi hakan.

A nan zan dakata. Masu tambaya su ci gaba da aiko da wasiƙunsu ta hannun edita. Allah Ya tsare mana amanarmu, Ya shirya mana zuriya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu. Wassalam.