Alewar Makarantar Lahadi da Darasin Alheri

Duk wanda ya tashi a Filato, ko kudancin Kaduna, ko Adamawa, ya san cewa Hausa ce harshen coci ga da yawa daga cikinmu, ko da yake ba ita muka sha a nono ba. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Birom da Angas da Bajju da Bura suka sami littafi ɗaya da za su karanta tare. Da Hausar nan ake koyar da yara a makarantar Lahadi a majami'u da dama na ECWA da COCIN da EYN. Don haka yadda ake koya wa yaro halin kirki a coci ya shafe mu ɗaliban harshe, domin da kalmomi ake yin aikin.

Ga yadda darasin yakan kasance. Malama ta rubuta aya a allo, yara su yi ta maimaitawa har ta zauna, wanda ya riga kowa kawo ta da ka a tafa masa, a ba shi alewa ko biskit. Ni ban ƙi hadda ba, ayar da ka haddace kana yaro tana tare da kai har tsufa. Amma a ce darasin ranar a kan alheri ne, ga wanda ya ci kyauta yana tsotsar alewarsa a gaban yaro mai in'ina da ya kasa ƙarasa ayar. Me aka koya wa su biyun?

A ganina matsalar ta fara ne daga rashin bambance kalmomi. Hausa ta raba mugunta da ƙeta a gefe guda, sakaci da rashin lura a ɗaya gefen. Yawancin laifin yara na kashi na biyu ne. Yaron da ya cinye tuwo bai rage wa ƙaninsa ba, ba ƙin ƙanin yake yi ba, bai ma tuna da shi ba ne. Misalin Basamariye da ke Luka sura 10 ya taɓo wannan sosai. Firist da Balawe ba su ne suka yi fashi ba, ba su daki kowa ba, sun dai ga mutum kwance suka ratse ta wancan gefen hanya. Malamai sukan daɗe a kan 'yan fashin da Basamariyen, su wuce waɗannan biyun da sauri. To, yaro ya san shi ba ɗan fashi ba ne, sai ya ɗauka shi ne Basamariyen, ya tafi gida hankalinsa kwance. Alhali inda ya kamata ya ga kansa shi ne wurin masu ratsewar. Haka ma kutare goma na Luka sura 17: taran da ba su komo yin godiya ba, murnar warkewa ce ta ɗauke musu hankali. A laccar Kirk-Greene a kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974 kuma muke karantawa a aji, hankali na cikin halayen da ya lissafa, tare da gaskiya da amana da kunya. Hankalin nan shi ne ka lura da wanda ke gefenka.

Sai alheri. Bahaushe ya ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, malamai kuwa suna son wannan karin magana ƙwarai. Gaskiya ce, amma idan a nan aka tsaya, yaro zai mai da alheri adashi, ya zuba yau don ya kwasa gobe. Abin da Yesu ya koyar a Luka sura 14 ya wuce nan, domin cewa ya yi mai biki ya gayyaci matalauta da guragu da makafi, wato waɗanda ba za su iya rama gayya ba. Kuma da kalmar alheri ɗin nan ce masu fassara suka kira baiwar da Allah yake yi wa wanda bai cancanta ba.

Kalmar da ta fi ba ni sha'awa ita ce farin ciki. Jin daɗi na alewa ne, yana ƙarewa da ƙarewarta. Murna ta sabon ɗinkin Kirsimeti ce. Farin ciki kuwa, kalmar da kanta ta nuna inda yake zama. A duba kishiyarsa: baƙin ciki yana nufin damuwa, yana kuma nufin hassada, shi ya sa ake ce wa mai ƙyashin arzikin wani ɗan baƙin ciki. Ke nan mai farin ciki shi ne wanda samun wani bai baƙanta masa rai ba. Bulus yana tsare ya rubuta wa Filibiyawa wasiƙar nan mai sura 4, amma maganar farin ciki ta cika ta. Yaro ɗan shekara 7 ba zai gane wannan da dogon bayani ba, gasar alewa kuma akasinsa take shuka masa.

Na san abin da malaman za su ce. Aikin sa kai suke yi, babu albashi, ga yara cike da aji ko gindin mangwaro, in ba alewa ba wa zai saurare ka? Suna da hujja. Ban ce a daina ba, a canza hannun da take bi kawai. Wanda ya kawo aya a ba shi biyu, ya zaɓi wanda bai samu ba ya miƙa masa ɗaya. Kafin a buɗe littafi a tambayi yara, “Wa ba ya nan yau?” In an ce wance ba ta da lafiya, a tura uku su gaishe ta bayan an tashi. Ranar da aka karanta labarin Tabita ta Yafa, wadda gwauraye suka yi ta nuna rigunan da ta ɗinka, a roƙi zumuntar mata su nuna gidan wata tsohuwa, yaran su je su cika mata randa, su share mata tsakar gida.