An kashe kuɗin silin, ɗaki bai daina zafi ba: laifin wa?

Yau za mu leƙa Iku ta Suleja, amma maganar ta shafi duk mai kwana a ƙarƙashin kwano.

Kun san yadda yawancin gidajen unguwannin nan suke: bulo inci shida, rufin kwano, gida jikin gida, saboda tsadar haya a Abuja ta koro ma'aikata da yawa zuwa Suleja. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ɗaki yakan koma kamar tanda. Sai maigida ya daure ya tara kuɗi, ya kira mai aiki a yi silin POP ko na roba, a shimfiɗa takardar nan mai ƙyalli a ƙarƙashin kwano, a toshe duk wata kafa. An biya, an share gida, ba a yi sati biyu ba yara sun koma kwana a tsakar gida. Daga nan sai rigima. Maigida ya ce an cuce shi, mai aiki ya ce abin da aka sa shi ya yi.

Kafin ka ɗaga murya, maigida, ka fahimci inda zafin yake fitowa. Kwanon da rana ta wuni tana duka yana iya haura digiri 60. Zafin nan yana taruwa tsakanin kwano da silin, kuma idan ba a bar masa hanyar fita ta gefen rufi ko ta samansa ba, ƙasa zai sauko muku. POP siriri ne, ado ya fi yi, ba zai tare wannan shi kaɗai ba. Ita kuma takarda mai ƙyalli aikinta mayar da zafi, amma sai an bar tazarar kamar inci ɗaya tsakanin fuskarta mai ƙyalli da abin da take kallo. Idan aka matse ta ba tazara ta kowane gefe, an yi asarar kuɗi, haka nan idan ƙurar hunturu ta lulluɓe ta ƙarfinta yana raguwa. Sannan ga bangon yamma, wanda yake shan ranar la'asar ya riƙa sakin zafin har tsakar dare. Wannan kuwa ba ruwansa da silin. Kakanninmu da suka yi soro da katangar ƙasa mai kauri sun san abin da suke yi.

Abin da ya fi damuna shi ne toshe kafofi. Ɗakin da iska ba ta ratsawa, ga mutum shida ko bakwai a ciki, shi ne irin wurin da sanƙarau yake saurin yaɗuwa a lokacin zafi, kuma manya ba su manta annobar 1996 da ta kashe dubban mutane a Arewa ba. Idan aka shigar da gawayi mai wuta, ko janareta yana aiki a bakin taga, iskar gubar da ke tashi ba ta da wari ba ta da launi, tana iya kashe iyali cikin barci. Da damina kuma, ɗakin da aka rufe ruf yana riƙe danshi, bango ya yi funfuna, mai asma ya shiga uku. Uwargida, idan tarin yaro ya ƙi ci ya ƙi cinyewa bayan an yi wa ɗaki gyara, a kai shi asibiti, a kuma duba bayan gado da kusurwar silin.

Idan tsohon silin ɗinku na asbestos ne, kada ku bari a farfasa shi a bushe yara suna kallo. Ƙurarsa tana jawo kansar huhu bayan shekaru masu yawa. A jiƙa shi, a cire allo-allo, a fitar da iyali har a gama. A kuma kira mai wayarin ya duba kafin a rufe silin, domin takarda mai ƙyalli tana ɗaukar wuta. A Ostireliya gwamnati ta fito da shirin irin wannan aiki a 2009, ta dakatar da shi a 2010 bayan matasa huɗu masu aikin sun mutu, uku daga cikinsu wutar lantarki ce ta kashe su.

To laifin wa? A ganina rabin rigimar nan daga cinikin baka take tasowa. “Ka yi mini yadda ɗaki zai yi sanyi” ba ciniki ba ne, domin kowa da abin da ya ji. Wannan ba ya nufin babu macuta. Akwai wanda zai karɓi kuɗin kwano mai kaurin 0.55 ya kawo mai 0.40, ya san ba za ka gane da ido ba. Ka je wurin mai sayarwa da kanka, a auna a gabanka, ka karɓi rasit. A rubuta irin kaya da yawansu da ranar gamawa, shaidu biyu su sa hannu. Ai ko ayar bashi ta Suratul Baƙara rubutu da shaidu ta umarta. Ka kuma riƙe wani kaso na kuɗin aiki, da yardarsa tun farko, har a yi ruwa mai ƙarfi ka ga ko akwai yoyo. Ɗan haya ya fara samun amincewar mai gida a rubuce, tare da bayanin ko za a cire kuɗin daga haya.

Idan kuwa aikin gama ya riga ya gama, ka ɗauki hoton ɓarnar, ka nemo wani gwanin da ba ya tare da kowa ya hau ya duba. Ka fara kai kuka wurin shugaban ƙungiyar masu sana'ar ko mai unguwa, don mai aiki yana jin tsoron ɓacin suna a kasuwa fiye da zagin da za ka yi masa. In abin ya faskara, kotu na nan. Kada ka ɗauko masa ɗan sanda: dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Ƙorafin jabun kaya kuma ana iya kai shi hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC.

Wanda bai riga ya kashe kuɗinsa ba, ya fara da mai sauƙi. A birnin Ahmedabad na Indiya an shafa wa dubban gidajen talakawa farin fenti a rufi don rage zafi, kuma abin ya yi amfani. Ka haɗa wannan da tagogi biyu masu kallon juna da ragar sauro, da rumfa ko bishiya a jikin bangon yamma, sannan ka ga ko har yanzu kana bukatar fasa silin.