"Ai ya saba da ƙarar" ba yabo ba ne

Da an rufe lakkol an shiga hutun damina, iyaye da yawa daga Zermu har Mirriya sukan tura yaransu Damagaram koyon sana'a: wannan wurin mai walda, wancan wurin kafinta mai injin tsaga katako, wani kuma a bar shi a gari yana tsaron injin niƙa. Ba ni da ja a kan wannan, sana'a ta fi zaman banza. Abin da ba zan haɗiye ba shi ne maganar da uba ke yi yana murmushi: "Ai yaron ya saba da ƙarar." Kunne ba ya sabawa, Malam. Mutuwa yake yi sannu a hankali, kuma abin da ya mutu a cikinsa ba likitan da ke tayar da shi.

Masana lafiyar ma'aikata suna auna ƙara da desibel. A desibel 85, iyakar zaman mutum awa 8. Kowane ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, har a 100 saura minti 15 kacal, kuma injin gurzar ƙarfe yakan kai nan. Ba sai da na'ura ba: in sai ka ɗaga murya wanda ke gabanka yake jin ka, wurin ya wuce kima. Yaronmu kuwa a nan yake wuni.

Kurumta sai an shekara take nuna kanta. Hatsari yau yake zuwa. Bel ɗin injin da ya fara sakwarkwacewa yakan sauya kuka kafin ya tsinke, amma wa zai ji? Maigida ya yi ihu "janye hannunka!", ƙara ta haɗiye muryar. Ga gajiyar da ƙara ke sawa, bayan azahar hankali ya rabu biyu alhali hannu na dab da zarto. In yatsa ya tafi sai a ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma abin toshe kunne da mintunan kashe inji a huta ba su fi ƙarfin kowane maigida ba.

Nijar tana da dokar ƙwadago ta 2012 da ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare lafiyar ma'aikacinsa, kuma CNSS na kula da wanda ya ji rauni a bakin aiki, in an yi masa rajista. Ɗan koyon da aka miƙa da baki da fatiha, a wane littafi sunansa yake?

Mu malamai ma ba mu kuɓuta ba. A Oktoba yaro zai dawo aji, a kira shi sau uku bai waiwayo ba, mu ce taurin kai ne ko daƙiƙanci. Kafin bulala, a tambaye shi inda ya yi hutu. Ku kuma iyaye, kafin ku miƙa ɗa, ku je ku tsaya a shagon rabin awa injin na aiki, ku gwada yi wa maigidan magana ba tare da ihu ba.