A Auna Masallatanmu Tun Suna Tsaye

Ranar Juma'a, 11 ga Agusta 2023, jama'a na cikin sallar La'asar wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta musu, aka yi hasarar rayuka. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ginin ƙasa ne na wajejen 1830, aikin Babban Gwani Mikaila, kuma Sarkin Zazzau ya bayyana cewa an lura da tsaga a bangon kwana ɗaya kafin aukuwar lamarin.

Kwana ɗaya! Alhali tsohon gini ba ya lalacewa dare guda. Yana karkata ne sannu a hankali, damina bayan damina, sai dai ido bai iya riskar haka.

A yau akwai na'urar da ke riskarsa. Ana girke ta cikin gini, ta riƙa harba hasken lesa ko'ina tana auna nisan kowane ɗigo, sannan kwamfuta ta haɗa miliyoyin ɗigon su zama surar ginin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa. In aka sake awon baɗi aka gwama, sai a ga inda bango ya gusa ko baka ta sunkuya. Kuma in gini ya salwanta, awon yana nan. Wani malamin tarihin gine-gine, Andrew Tallon, ya auna majami'ar Notre-Dame ta birnin Faris da ɗigo sama da biliyan 1. Ya mutu a 2018, gobara ta cinye rufin a 2019, masu gyara suka sami awonsa a ajiye, aka sake buɗe ta a Disamba 2024.

Wataƙila wani ɗan'uwa ya ce, ai wannan sura ce. Muna cewa, hanin ya shafi surar mai rai ne. Ibn Abbas, Allah Ya yarda da shi, ya yi wa wani mai sana'ar zane izinin zana itatuwa da duk abin da ba shi da rai, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Bango da ginshiƙi ba su da rai. Masu sahu a ƙarƙashinsu ne ke da shi, kuma kiyaye rai yana cikin manyan manufofin Shari'a.

Abin takaici, kwamitocin masallatanmu ba su ƙyashin kashe dukiya wajen tayil da fenti da lasifika, amma ba su ware ko sisi domin duba lafiyar gini. Muna kira gare su da su nemi masana zanen gini da safiyo na jami'o'inmu, Jami'ar Ahmadu Bello ma tana nan cikin Zariya, a fara da tsofaffin masallatan Juma'a na ƙasa, a auna su kafin damina mai zuwa, a sake bayanta.