Shin Kuɗi Ne Ya Ci Wa Vegas Kofi?

Waɗanda suka taɓa riƙe sandar hoki a filin makaranta sun san wasan da ake yi a kan ƙasa ko ciyawa. A Amurka da Kanada akwai wani irinsa da ake yi a kan ƙanƙara. 'Yan wasa suna zamiya da takalma masu ƙarfe a ƙasa, suna korar wani ɗan baƙin faifan roba maimakon ƙwallo. Babbar gasarsu ita ce NHL, kofin da kowa ke nema kuwa shi ne Kofin Stanley. Tun shekarar 2017 magoya bayan wannan wasa suke ta kai ruwa rana a kan ƙungiya ɗaya, wato Golden Knights ta birnin Las Vegas. Mun ga ya kamata mu tsoma baki, domin gardamar ta shafi adalci, da yadda ake riƙon mutane a wurin aiki.

Ga yadda abin ya faro. Las Vegas birni ne a cikin hamadar jihar Nevada, inda ba a san hoki da wani tarihi ba. Wani attajiri mai suna Bill Foley tare da abokansa suka biya dala miliyan 500 aka ba su izinin kafa sabuwar ƙungiya, ta 31 a gasar. A al'ada sabuwar ƙungiya takan sha kashi shekara da shekaru kafin ta miƙe. Washington Capitals, a kakarta ta farko ta 1974 zuwa 1975, wasa 8 kacal ta ci cikin 80. Amma Vegas a kakarta ta farko ta ci wasa 51 cikin 82, ta kai har wasan ƙarshe na 2018, inda wannan Washington ɗin ta doke ta. A watan Yuni na 2023, a kakarta ta shida, ta lallasa Florida Panthers ta ɗauki kofin. A lokacin, ƙungiyar Toronto rabonta da kofi tun 1967, Buffalo da Vancouver kuwa, da suka shiga gasar a 1970, ba su taɓa ɗaga shi ba. Ba mamaki ran magoya bayansu ya ɓaci.

Masu suka suna cewa an yi wa Vegas gata. Hujjarsu ita ce dokar zaɓen 'yan wasa ta 2017. An yarda kowace tsohuwar ƙungiya ta keɓe 'yan gaba 7 da 'yan baya 3 da mai tsaron gida 1, ko kuwa 'yan wasa 8 da mai tsaron gida 1. Daga cikin sauran da suka cancanta, Vegas ta ɗauki mutum ɗaya a kowace ƙungiya, jimla 30. Wannan doka ta fi ta da sauƙi ga baƙo, kuma masu suka sun ce dala miliyan 500 ce ta sayo sauƙin. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, ba za mu ɓoye ba.

Sai dai mu duba abin da ya sami Seattle Kraken. Ita dala miliyan 650 ta biya, aka ba ta irin wannan doka a 2021, amma a kakarta ta farko wasa 27 ta ci, ta kuma zo ta ƙarshe a rukuninta. Da kuɗi da doka kaɗai ke kawo nasara, da Seattle ta fi Vegas. Abin da ya bambanta su shi ne manajan Vegas na wancan lokaci, George McPhee, ya gane tsoron da tsofaffin ƙungiyoyi ke ji, ya kuma ci moriyarsa. Domin su tsare wasu 'yan wasansu, sai suka riƙa ba shi toshi. Florida ta haɗa masa da Reilly Smith domin ya ɗauki Jonathan Marchessault, wanda ya ci ƙwallo 30 a kakar da ta gabata. Columbus ta ƙara masa da kyauta domin ya ɗauki William Karlsson, wanda ya ci 6 kawai a shekarar. Da ya zo Vegas sai ya ci 43. Karlsson bai canza jiki cikin wata uku ba. An dai ba shi lokaci a fili ne, da abokan wasa da suka dace da shi. Da zuwan 2021 manajoji sun koyi darasi, ba su sake yin irin wannan kyauta ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da muke ganin shi ne ƙashin bayan maganar, wato yawan 'yan wasa masu nagarta. Hokin ƙanƙara wasa ne mai cin ƙarfi ƙwarai. Mutum shida ne a fili daga kowane ɓangare, amma ana shirya 20 domin kowane wasa, kuma ɗan wasa ba ya cika minti ɗaya yana gudu sai a canza shi. Saboda haka 'yan gaba sukan kasu layi huɗu, suna shiga bi da bi. Gwanin gwanaye ma yakan shafe fiye da rabin wasan a zaune. Vegas ta 2017 ba ta da tauraro a gaba, amma layinta na uku da na huɗu sun fi na yawancin abokan karawarta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haka kuma a kakar 2022 zuwa 2023, rauni ya sa ta yi amfani da masu tsaron gida har biyar. Adin Hill, wanda ya tsare mata gida a wasan ƙarshe, daga benci ya taso bayan Laurent Brossoit ya ji ciwo a zagaye na biyu. Ƙungiyar da ta zuba duk abin da take da shi a kan mutum biyu ko uku ba za ta tsallake irin wannan jarraba ba.

To, me ya hana ƙungiyoyi masu arziki su sayi taurari su cika layi huɗu? Iyakar albashi ce ta hana. Bayan rikicin da ya sa aka soke kakar 2004 zuwa 2005 gaba ɗayanta, masu ƙungiyoyi da 'yan wasa suka amince a ƙayyade jimlar albashin da kowace ƙungiya za ta biya a shekara. An fara da dala miliyan 39. A shekarar da Vegas ta shigo, iyakar ta kai miliyan 75, a shekarar da ta ci kofi kuwa miliyan 82.5. In ka ba mutum ɗaya miliyan 10, kamar yadda Jack Eichel ke karɓa a lokacin, to sauran mutum ashirin da wani abu za su raba abin da ya rage. Mu muna goyon bayan wannan doka. Ita ce ta sa ƙaramin gari zai iya karawa da babban birni, ita ce kuma ta tilasta wa manaja ya yi lissafi kamar magidanci mai ɗan albashi da 'ya'ya da yawa. Ita ce ma ta taimaki Vegas tun farko, domin ta zo da aljihu sake a lokacin da wasu suka cika nasu suna neman inda za su sauke kaya.

Amma akwai wurare biyu da muke ganin masu suka sun fi gaskiya. Na farko shi ne ƙofar da aka bari a buɗe cikin dokar. A wancan lokaci iyakar albashi ba ta aiki a zagayen fitar da gwani, kuma in ɗan wasa ya yi doguwar jinya, ƙungiya tana iya kashe kwatankwacin albashinsa a kan wasu. A farkon 2023 aka yi wa kyaftin ɗin Vegas, Mark Stone, aiki a baya. Albashinsa miliyan 9.5 ne. Ƙungiyar ta ƙaro 'yan wasa, shi kuma ya dawo a wasan farko na zagayen fitar da gwani, har ya ci ƙwallo uku a ranar ɗaukar kofi. Tampa Bay ta yi irin haka da Nikita Kucherov a 2021. Ciwon na gaske ne, kuma ba a karya doka ba. Duk da haka, idan an kafa doka domin a daidaita kowa, sa'an nan ta daina aiki a daidai lokacin da ake neman kofi, to ba ta cika aikinta ba. Hukumar gasar da ƙungiyar 'yan wasa sun gane haka, shi ya sa a yarjejeniyar 2025 suka amince iyakar ta shafi wannan zagaye ma.

Na biyu ya fi damun mu, wato yadda aka sallami waɗanda suka yi wahalar ginin. An kori koci Gerard Gallant a Janairun 2020, ƙasa da shekara biyu bayan ya kai su wasan ƙarshe. Marc-André Fleury, mai tsaron gidan da mutanen birnin suka fi ƙauna, an zaɓe shi gwarzon masu tsaron gida na 2021, amma cikin 'yan makonni aka miƙa shi ga Chicago kusan a banza, domin a huta da albashinsa na miliyan 7. Reilly Smith ya ɗaga kofi a Yunin 2023, kafin watan ya ƙare an tura shi Pittsburgh. Daga cikin 'yan wasan farko, shida ne kawai suka rage ranar nasara. Wani zai ce ai dokar ce ta jawo, kuma lalle tana da hannu. Amma doka ba ta ce lalle sai ka sayi sabon tauraro kowace shekara ba. Shugabanni ne suka zaɓi haka, kuma ya kamata su amsa cewa zaɓinsu ne.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, kuɗi ya buɗe wa Vegas ƙofa, amma abin da ya ci mata kofi shi ne ganin darajar mutanen da wasu suka raina, da tanadin na benci kafin ranar buƙata. A nan ta cancanci yabo. Inda ta gaza shi ne ba ta riƙe wannan hali ga mutanen ba bayan sun gama yi mata rana. Muna roƙon ɗalibanmu masu riƙe da shugabancin ƙungiyoyin wasa su ɗauki na farkon su bar na biyun: ku horar da wanda ke zaune a benci kamar gobe shi zai shiga, in kuma lokacin canza wani ya yi, ku gaya masa da bakinku, ku kuma gode masa a gaban 'yan'uwansa.